Sabo ake wa kuka: darasin da tsofaffin wasannin kwamfuta suka bar mana



Duk wanda ya ratsa wata fada bayan isha'i, a Maraɗi ne ko Damagaram, Tawa ko Yamai, ya san abin da zai tarar. Shayi na bisa gawayi, amma kawuna duk a sunkuye, kowa da salula a hannu, ƙarar bindiga na tashi daga ciki. Ƙannenmu da ɗiyanmu ne ke buga wasannin harbe-harbe, wasu kuma na ƙwallo. Iyaye kuwa maganarsu guda ce: "Wasan banza ne, ya cinye musu mega, ya cinye musu karatu, mu dai mun gaji." Ba mu ce iyaye sun yi ƙarya ba, amma muna ganin an tsaya ga rabin magana. Ana ta gardama kan a bar yaro ya yi wasa ko a hana shi, ba wanda ke tambayar mi ke cikin wasan. Shi ya sa yau muke son mu koma baya, can wajen shekara 40 zuwa 50, lokacin da wasu wasannin kwamfuta ba su da hoto ko ɗaya, amma suka sa manyan mutane zubar da hawaye. Akwai abin da mutanen wancan zamani suka gane game da labari, kuma muna ganin ya shafe mu.

Abin ya faro ne daga wani uba a Amurka mai suna Will Crowther. Masanin kwamfuta ne a kamfanin BBN, cikin waɗanda suka yi aikin ARPANET, wato kakar intanet ɗin da muke amfani da ita yau. Shi da matarsa suna da sha'awar shiga kogunan ƙarƙashin ƙasa, suna aunawa suna zana taswira, musamman kogon Mammoth da ke jihar Kentaki, wanda ba a san mai tsawonsa ba a duniya. Sai aurensu ya mutu. Ɗiyansa mata biyu ba kullum suke wurinsa ba, kuma shi da kansa ya faɗa daga baya cewa ya ji kewarsu. Tsakanin 1975 da 1976 ya zauna ya rubuta wani wasa da zai ba su nishaɗi in sun zo, wanda ko mutumin da bai san kwamfuta ba zai iya bugawa. Wasan ne aka sani da Colossal Cave Adventure. A 1977 wani ɗalibi a jami'ar Stanford, Don Woods, ya same shi, ya nemi izini, ya faɗaɗa shi. Daga nan ya bazu daga jami'a zuwa jami'a, kuma sunansa ne ya zama sunan irin waɗannan wasanni gaba ɗaya, wasannin kasada.

Ga yadda ake buga shi. Kwamfuta ta rubuto maka inda kake: gefen daji, kusa da wani ɗan ginin bulo, ga rafi na gangarawa. Kai kuma ka rubuta mata abin da kake son yi da kalma biyu, kamar ka ce shiga gida, ko ɗauki fitila. Ita kuma ta faɗa maka abin da ya biyo baya. Can cikin kogo wani maciji zai tare maka hanya, ba ka da makamin da zai kore shi. Mafita ita ce ka kama wani ɗan tsuntsu cikin keji, ka kawo shi ka sake shi, shi zai kori macijin. Amma tsuntsun ba zai yarda ka kama shi ba muddin kana riƙe da wata baƙar sanda da ka tsinta a hanya. Kun ga ai kacici-kacici ne wannan, irin wanda in ya gagare ka sai ka ba da gari. Bambancin kawai, nan ba mai karɓar gari, sai dai ka kwana da abin a rai.

Waɗanda suka biyo baya sun bi wannan sawu. Scott Adams ya fitar da Adventureland a 1978, a kan ƴar kwamfutar gida mai ƙwaƙwalwar kilobayit 16 kacal. Hoto guda da ka ɗauka da salularka yau ya ninka haka sau da yawa. Wasu masana huɗu a jami'ar MIT suka rubuta Zork daga 1977, a 1979 aka kafa kamfanin Infocom, aka fara sayar da shi a 1980. A shekarar ne kuma Roberta Williams da mijinta Ken suka fitar da Mystery House, wanda ya sa zane-zane na layi tare da rubutu. Sai dai a gaskiya, akasarin wasannin farko ba su da wani labari mai taɓa zuciya. Tara dukiya ne da warware ƙulli: ka samo zinariya, ka kai ta ma'aji, a ba ka maki. Har ta kai a 1983 kamfanin Electronic Arts ya buga wata talla a mujallu yana tambaya ko kwamfuta na iya sa mutum kuka.

A shekarar nan dai amsa ta fito, daga wani kamfani daban. Mu nan lokacin zamanin Kunce ne, kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganin kwamfuta da ido. Can kuwa wani marubucin Infocom, Steve Meretzky, ya fitar da Planetfall. A cikinsa kai ƙaramin ma'aikaci ne a jirgin sararin samaniya, aikinka goge daɓe. Jirgin ya tarwatse, ka tsira kai kaɗai, ka faɗa wata duniya inda gine-gine ke tsaye amma babu kowa, annoba ta ratsa wurin. Kana jin yunwa, kana jin barci, kuma ciwon na kama ka a hankali. Cikin wannan kaɗaici sai ka tarar da wani mutum-mutumin ƙarfe a kashe, ka kunna shi. Sunansa Floyd.

Floyd ba jarumi ba ne. Halinsa na ƙaramin yaro ne sak. Yana bin ka duk inda ka nufa, yana surutu marar kan gado, yana roƙon ka ku yi wasan ɓuya, yana rubuta sunansa a bango, in ka yi masa cakulkuli ya yi dariya. Wani lokaci ma haushi yake ba ka, kamar ƙanen da uwa ta ce dole ka tafi da shi kasuwa. Haka za ku yi ta yawo tare, awa bayan awa, kwana bayan kwana, don wasannin nan ba a gama su a zama ɗaya.

Sai ku iso bakin wani ɗakin bincike. Akwai wani ɗan kati a ciki wanda in babu shi ba za ka ci gaba ba, amma ɗakin cike yake da miyagun halittu, mutum ya shiga ba zai fito ba. Floyd ya ce shi zai shiga, ai shi ƙarfe ne. Ya tsara maka yadda za a yi: ka buɗe ƙofa, ya shiga, ka rufe, in ka ji ya ƙwanƙwasa ka buɗe. Kai ne za ka rubuta buɗe ƙofa da yatsunka. Kai ne za ka rubuta rufe ƙofa. Kana tsaye a waje kana jin abin da ke faruwa ciki. Da ka buɗe sai ya fito da katin, jikinsa a yayyage, ya faɗi. Ka rungume shi, ka rera masa waƙar da ya fi so, ya cika a hannunka. Duk wannan cikin ƴan layukan rubutu ne bisa baƙin allo, ba kiɗa, ba hoto. Meretzky ya sha faɗin cewa mutane da yawa sun gaya masa sun yi kuka a wurin, kuma har yau in ana tarihin wasannin kwamfuta sai an ambaci mutuwar Floyd.

To mi ya sa? Mu dai muna ganin Bahaushe ya riga ya ba da amsa tun kafin a ƙera kwamfuta: sabo ake wa kuka. Da a ce an kashe Floyd minti biyar da haɗuwarku, ba wanda zai damu. Marubucin ya yi haƙuri ne, ya bar ka ka saba da shi, ka ji haushinsa, ka yi masa dariya, har ka daina ganin ƙarfe ka fara ganin abokin tafiya. Wasan harbi na yau na iya zubar da mutum ɗari gabanka cikin minti goma, da jini da ƙara kamar gaske, amma ba ka san sunan ko ɗaya ba, don haka ba abin da zai motsa a ƙirjinka. Floyd guda ɗaya ne, kuma ka san shi.

Dalili na biyu shi ne hannunka na ciki. Mai kallon fim ɗan kallo ne, in jarumi ya mutu zai ce wayyo, amma ba laifinsa ba ne. Nan kuwa kai ka buɗe ƙofar. Ko da yake wasan bai ba ka wata hanya ba, zuciya ba ta san wannan lissafi ba, abin da ta sani kawai shi ne kai ka tura shi. Wannan nauyi ne da littafi ko fim ba su iya ɗora wa mutum ta wannan hanya. A ƙarshen Planetfall an gyara Floyd ya dawo, wasu suka ji daɗi, wasu suka ce an rage wa labarin ƙarfi. Sai a 1987 Meretzky ya fitar da ci gabansa, Stationfall, inda wani mugun abu ya juyar da hankalin Floyd ya tare maka hanya, kuma ba mafita sai ka harbe shi da hannunka.

Dalili na uku shi ne rashin hoton kansa. Da yake ba a nuna maka fuskar Floyd a cikin wasan ba, kowa ya zana nasa a ƙwaƙwalwa, kuma abin da mutum ya zana da kansa ya fi kusa da ransa. Infocom ta san haka, har tallarta tana nuna hoton ƙwaƙwalwar mutum a matsayin na'urar da ke zana mata hotuna. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Wa ya taɓa ganin fuskar Gizo ko ta Ƙoƙi? Amma kowa na da nasa Gizon a kai tun yana bisa tabarmar kaka. Kuma waɗanda suka taso da wasan kwaikwayo na rediyo sun san yadda murya kaɗai ke sa gida ya yi tsit.

Kada a ɗauka tausayin mutum-mutumi ne iyakar abin. A 1985 Meretzky ɗin nan ya fitar da A Mind Forever Voyaging, wanda ya rubuta don sukar manufofin shugaba Ronald Reagan. An ɗora labarin a shekarar 2031. Wani ɗan majalisa ya kawo babban shiri na farfaɗo da ƙasa, jama'a na tafi. Kai kuma kwamfuta ce mai tunani, an tura ka cikin wani gari na gwaji mai suna Rockvil don ka ga yadda rayuwa za ta kasance in an bi shirin. Kana da mata da ɗa a garin. Aikinka kawai ka yi yawo, ka shiga kanti, ka karanta jarida, ka ci abinci, ka koma gida, ka naɗo abin da ka gani. Bayan shekara 10 komi lafiya lau. Sai a tura ka shekara 20, sannan 30, 40, 50. Titunan nan dai ne, gidan nan dai ne, amma kowane zuwa sai ka tarar wani abu ya lalace: abinci ya yi wuya, ƴan sanda na kutsawa gidaje, ɗan da ka rena ya bi masu tsattsauran ra'ayi ya juya wa uwarsa baya, daga ƙarshe garin ya zama kufai. Ba wanda ya yi maka lacca, ƙafarka ce ta kai ka ka gani. Wasan bai samu kasuwa sosai ba a lokacin, amma ya nuna cewa wannan hanya na iya ɗaukar magana mai nauyi, irin wadda ke sa mutum ya tambayi kowane mai alkawari: to bayan shekara 30 fa?

Ba kuma Amurkawa kaɗai ba ne. Akwai wata baƙar mace ƴar tsibirin Martinik, Muriel Tramis, injiniya ce da ta bar aikin kamfanin jiragen sama ta shiga kamfanin wasanni na Coktel Vision a Faransa. A 1987 ta fitar da Méwilo tare da marubuci Patrick Chamoiseau, wanda daga baya ya ci kyautar Goncourt a 1992. Labarin na faruwa a garin Saint-Pierre a watan Mayu na 1902, dab da aman wutar dutsen Pelée da ya hallaka kimanin mutum 28,000. Kai mai bincike ne da aka kira kan wata fatalwa, kana bin sawu har ka tono tarihin bauta da aka binne. A 1988 suka sake fitar da Freedom, inda kake bawa a gonar rake, kana neman shawo kan ƴan uwanka ku yi bore. A lokacin da kasuwa ta cika da labarin dodanni da gidajen sarakunan Turai, ita tarihin kakanninta ta ɗauko. A 2018 Faransa ta ba ta lambar girma ta Légion d'honneur. Ba ta jira wani ya ba da labarin mutanenta ba.

Mun san akwai masu cewa muna yabon abin da ba namu ba, kuma suna da hujja. Wasannin nan da Turanci aka rubuta akasarinsu, don masu hali da masu ilimi, a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa. Da yawa cikinsu ma azaba ce: ka rubuta abu sau goma kwamfuta ta ce ba ta gane ba, ko ka manta wani ɗan abu a farko sai bayan kwana uku ka gane ba gaba ba baya. Irin su Floyd kaɗan ne cikin ɗaruruwa. Kuma kasuwa ba ta tsaya musu ba: hoto ya zo ya yi rinjaye, Activision ta sayi Infocom a 1986, a 1989 aka rufe ofishinta. Wani kuma zai ce ko mai kyau ne ko marar kyau, wasa wasa ne, yana cin lokacin salla da na karatu. Wannan ma gaskiya ce, kuma labari mai daɗi ya fi marar daɗi riƙe mutum. Abin da ke iya sa ka kuka don alheri yana iya jan ka zuwa ga sharri. Shi ya sa ma muke cewa a dubi abin da ke ciki, a kuma san wa ya rubuta shi.

Amma hujja guda ce ba mu karɓa ba, wato a ce mu talakawa ne, ba mu da kayan aiki. Salular da ta fi kowace araha a kasuwa, in dai mai shafawa ce, ta fi kwamfutocin da aka buga Planetfall a kansu ƙarfi nesa ba kusa ba. Akwai manhajoji na kyauta, kamar Twine da ta fito a 2009, waɗanda mutum zai rubuta labari mai rassa da su ba tare da ya zama gwanin kwamfuta ba, kuma ba ruwansu da harshen da ka yi rubutu, Hausa ce ko Zabarmanci ko Faransanci. Irin wannan labari rubutu ne zalla, bai cin mega. Inda karatu ya yi ƙaranci, mutum guda na iya karantawa da ƙarfi, sauran su yi gardamar hanyar da za a bi. Haka ma ɗaliban Amurka suka riƙa yi wa Adventure, a taru a kan na'ura guda kowa na kawo shawara.

Kuma kayan labarin muna da su jibge. Tatsuniyarmu tun asali ba ta mutum ɗaya ba ce, mai bayarwa na faɗi, masu saurare na amsawa. Muna da labaran da ke ƙarewa da tambaya, a ce cikin mutum ukun nan wa ya fi, a kwana ana musu. A rayuwar yau ma haka. Saurayin da zai zaɓa tsakanin ya tsaya noman damina ko ya tafi bida. Uban da rumbu ya kusa ƙarewa, ga iri ga bakunan yara. Yarinyar da ke tsakanin lakwal da maganar aure. Makiyayi da manomi a bakin burtali guda. Ku yi tunanin yaronmu ya buga labarin da shi ne manomin, gobe ya sake bugawa shi ne makiyayin, kowane da sunansa da iyalinsa da abin da yake tsoron rasawa. Muna ganin abin da zai shiga ransa ya fi na nasiha goma, don da hannunsa ya buɗe ƙofar.

Don haka kiranmu uku ne. Ga iyaye: kafin a fizge salula, a zauna kusa da yaro a ce ya ba da labarin wasan da yake bugawa. Wane ne wannan? Mi ya sa kake harbinsa? In ya mutu wa zai yi kukansa? In yaron ya rasa amsa, shi da kansa zai fara jin ramin da ke cikin abin. In kuma yana da amsa, to kun samu hira, abin da ya yi ƙaranci a gidajenmu. Ga malamai, su mushe da madam na lakwal: ko da alli da allo ana iya gwadawa, a rubuta mafarin labari, a ba aji zaɓi biyu, gobe a ci gaba daga inda suka zaɓa. Ga matasanmu masu karatun kwamfuta da marubutanmu na Hausa kuwa: ku nemi juna. Ɗaya na da na'ura bai da labari, ɗaya na da labari bai san na'ura ba. Kada ku ce sai kun iya zanen da zai yi gasa da na manyan kamfanonin duniya, ba za ku kamo su ta nan ba. Ku fara da mutum guda wanda mai wasa zai saba da shi, ku ba shi hali, ku ba shi aibi, ku yi haƙuri kamar yadda aka yi da Floyd.

Mu tuna dai inda abin ya faro. Uba ne da ke kewar ɗiyansa, ya ɗauki wurin da ya fi sani a duniya ya mayar da shi labari don su shiga su yi yawo. Ɗiyanmu ma kullum dare suna shiga duniyoyin da wasu suka gina musu, kuma har yanzu ba mu gina musu ko ɗaki guda ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu dace. Amin.